A kai na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa asibitocin ƙananan hukumomin Zamfara

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili mu ja hankalin Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara kan masu farfaɗiya. Jihar da gubar dalma ta hallaka yara sama da 400 a yankin Anka da Bukkuyum a 2010, ta bar wasu da lahani a ƙwaƙwalwa, ga sanƙarau, ga zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, ba za ta rasa masu faɗuwa ba. Da yawansu ana jingina ciwon ga iskoki, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 za su daina faɗuwa in an gano ciwon aka ba su maganin da ya dace.

Gano nau'in ciwon shi ne aikin na'urar EEG, wadda ke auna wutar ƙwaƙwalwa ta zana ta a layuka. Yaron da ke yin tsai yana zare ido na 'yan daƙiƙu a aji, malam na cewa ba ya ji, na'urar kan nuna masa wani tsini mai maimaituwa sau 3 a daƙiƙa. Irin wannan in aka ba shi carbamazepine, wani maganin farfaɗiya, sai ciwon ya ƙaru. Da can na'urar sai babban asibiti. Yau akwai mai shiga jaka, da batir take aiki, ta tura abin da ta ɗauka zuwa kwamfuta.

Sai dai a yi hattara wajen saye. Ƙananan na'urori irin su Muse, da ake ɗaurawa a goshi, maki 4 kawai suke taɓawa a kai, ba don gano cuta aka yi su ba. Ta asibiti tana buƙatar elekturod (ƙananan maɓallan da ake liƙawa a fatar kai su ɗauko wutar) 19 da ƙarin 2, a jera su bisa tsarin 10-20, wato a auna da tef daga gindin karan hanci zuwa tudun ƙeya, a raba tazarar kashi 10 da kashi 20.

Wutar da ke isowa fatar kai ba ta wuce maikurobolt 10 zuwa 100 ba (maikurobolt ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na bolt), batirin tocila ɗaya ya ninka ta fiye da sau 10,000. Shi ya sa abu kaɗan ke ɓata aikin. A tsefe kitso tun daren da za a wayi gari a yi gwajin, a wanke kai da sabulu, kada a shafa man shanu ko basilin, domin maiƙo yana tare wutar. Mata kuma mace ta yi musu, in ba haka ba da yawa ba za su buɗe kai ba. A goge kowane gurbi, a sa man liƙa, a tabbata turjiyar da fata ke yi wa wutar ta sauka ƙasa da kilo'om 5 a ma'aunin na'urar. A zare cajar kwamfuta daga bango, musamman in janareta ne, don wutarmu mai bugun 50 a daƙiƙa kan lulluɓe layukan. Gumin bazara kan sa su yi ta lilo, hunturu kuma kan busar da elekturod masu ruwan gishiri tun ba a gama ba. Mai tauna goro ya tofar tukuna.

A ɗauki aƙalla minti 20, a sa mara lafiya ya riƙa buɗe ido yana rufewa, sannan ya ja dogon numfashi na minti 3. Wannan na ƙarshen kada a kuskura a yi wa mai sikila ko mai ciwon zuciya.

Abin da ya fi damun mu shi ne karatun sakamako. Gwajin farko bai cika kama fiye da rabin masu farfaɗiya ba, don haka "ba a ga komai ba" ba ya nufin lafiya lau. Bayanin wanda ya ga faɗuwar, ko bidiyon waya, yana nan da nauyinsa. Wanda bai ƙware ba kuwa zai ɗauki ƙiftawar ido a matsayin cuta, ya ɗora wa mai lafiya magani na shekaru.

Roƙonmu a fara da manyan asibitocin Anka, Gummi, Ƙauran Namoda da Talatar Mafara. A horar da ma'aikata biyu a kowanne, namiji da mace, a ware kuɗin man liƙa duk wata, a kuma ƙulla yarjejeniya da likitan ƙwaƙwalwa da zai riƙa karɓar sakamakon ta intanet yana mayar da amsa cikin mako.

Wasu ma'aikatan lafiya,
Gusau, Jihar Zamfara