Gajarta kwanson harsashin libarba ba ya rage masa ƙarfi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in yi gyara kan wata fahimta da ke yawo game da masu gasar harbin allo a Amurka, inda doka ta yarda mutum ya ɗura harsashinsa da hannunsa. Wasu na ɗauka cewa da an yanke kwanso, wato kwandon ƙarfen da ke ɗauke da albarushi da dalmar da ake harbawa, ya gajarta, harsashin ya yi sanyi ke nan. Ba haka ba ne, kuma wannan kuskure na iya raba mutum da yatsunsa.

Dalilin gajartawar a fili yake. Harsashin .38 Special, wanda kamfanin Smith & Wesson ya fito da shi a 1898, an yi shi ne don baƙin albarushi mai cin wuri, shi ya sa tsayin kwansonsa ya kai milimita 29.3. Albarushin zamani mai saurin ci kuwa ɗan kaɗan ake zubawa don harbin allo, sai ya kwanta a gindi, sauran cikin duk fanko. Matsala biyu ke nan. Saurin dalma kan bambanta gwargwadon inda garin ya taru, gaba ko baya. Mafi muni, ana iya zuba awo biyu a kwanso ɗaya ido bai gani ba. Gajeren kwanso irin na .38 Short Colt, mai milimita 19.4, yana rage wannan fili, kuma bayan harbi yana saurin fita daga ganga, wato sashen libarba mai juyawa da ake zuba harsasai a ramukansa, abin da masu gasar sauri ke so.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Idan fili ya ragu alhali awon albarushi yana nan yadda yake, matsin da ke tashi a ciki ƙaruwa yake yi, ba kaɗan ba. Iyakar matsi da SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin harsasai a Amurka, ta sa wa .38 Special ita ce 17,000 a ma'aunin matsi na psi, ƙasa da rabin 35,000 na harsashin .357 Magnum. Wato .38 Special ba shi da sararin ɗaukar ƙarin matsi mai yawa. Don haka awon da littafi ya bayar na dogon kwanso ba ya aiki a gajere. A nemi awon da masu yin albarushin suka gwada a kan wannan kwanso da wannan nauyin dalma, a fara daga mafi ƙaranci, a auna a sikeli, a kuma kiyaye tsayin harsashi da aka rubuta. Dalma ta ƙara nutsewa da milimita ɗaya a irin wannan ƙaramin ciki ba abin wasa ba ne.

A ganina yankan ma bai da riba. Bangon kwanso yana ƙara kauri ne zuwa gindi. Idan aka datse sama, dalmar da kaurinta ya kai inci 0.358 za ta zauna a wuri mai kauri: ko dai kwanson ya kumbura ya ƙi shiga ramin ganga, ko ya matse dalmar ta rame, ta riƙa barin ɓurɓushinta a bututu tana kauce wa saiti. Ga shi tambarin gindi zai ci gaba da cewa .38 Special, wata rana ya rikita mai shi. Kamfanin Starline yana yin gajeren kwanso tun asali, da tambarinsa na gaskiya. Wanda ya dage sai ya yanke, to ya daidaita tsayin duka, ya goge kaifin baki ciki da waje, ya ware su a akwati mai rubutu. Ya kuma sani cewa ƙarfen da ke matse bakin kwanso a jikin dalma na .38 Special ba zai kai bakin gajeren kwanso ba.

Rage albarushi fiye da kima shi ma haɗari ne, domin dalma na iya maƙalewa a bututu, musamman mai rigar tagulla. Duk harbin da ƙararsa ta yi rauni, a tsaya, a juye harsasai, a leƙa bututu kafin a sake taɓa kunama.

Sai tsabta. Gajeren kwanso yana barin zoben toka da maiƙo a cikin ramin ganga, daidai inda bakinsa ya tsaya. Idan ba a goge da buroshin tagulla ba, dogon harsashi zai shiga da ƙyar, zoben ya riƙe bakinsa ya hana shi sakin dalma yadda ya kamata, matsi ya hau.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Wani mai karatu