Amsa ga Alhaji: facin da ka gani a jikin jirgi ba shi ne abin tsoro ba

Assalamu alaikum Alhaji, da fatan kana lafiya da iyali da mutanen Tawa baki ɗaya.

An turo mini bidiyon da ka sa a Facebook, wanda ka ɗauka ta tagar jirgi kana dawowa daga umra, ga wani abu mai ƙyalli kamar sikoc manne a fiffike, ka ce kuma wajen shiga ka ga faci kusa da ƙofa da layin ƙusoshi kewaye da shi, sannan ka ambace ni a gaban jama'a ka ce tunda ɗanmu ya yi aikin jikin jirage shi ya faɗa muna gaskiya, wa ke duba jiragen ga, akwai bizit teknik ta jirgi ko dai tsofaffin da turawa sunka gaji da su ake lallaɓawa a kwaso mu? Tunda a fili ka tambaya, a fili zan amsa, ka yi haƙuri in maganar ta yi tsawo.

Abin da ka ɗauka a fiffike ba sikoc ɗin kanti ba ne, na alminiyom ne, an yi shi ya jure iska da zafi da sanyi, ana sa shi ne a rufe wurin da fenti ya ɓare ko wani ɗan murfi da ba ya ɗauke da nauyin komai, kuma na ɗan lokaci ne, an rubuta ranar da za a cire shi a yi gyaran gaske. Ba a riƙe fiffike da shi. Facin ƙofa kuwa, ai nan ne matakala da motocin kaya ke yawan gogar jirgi, da wuya ka ga jirgin da ya shekara goma yana aiki ba shi da faci ko ɗaya a wajen. Ni in na ga faci tsaf da ribe, wato ƙusoshin nan da ka gani, a jere, tazara daidai, hankalina kwanciya yake. Wanda ke hana ni barci shi ne wanda aka shafe da fenti ba a rubuta shi ko'ina ba.

Ga dalili. Jirgi in ya hau sama iskar waje ta yi ƙaranci ƙwarai, sai a hura iska cikin gangar jikinsa don ku samu numfashi, matsin da ke tura fatar jirgin waje ya kai tan 5 zuwa 6 a kan kowane mita ɗaya tsawo ɗaya faɗi, fatar kuma a wurare da yawa ba ta kai milimita 2 ba. Ya tashi ta kumbura, ya sauka ta saki, haka kullum. Ka san murfin gwangwanin tumatir, in ka yi ta lanƙwasa shi gaba da baya ba ƙarfi ke karya shi ba, maimaici ne, to haka ƙarfe ke gajiya, tsaga ta fara kamar gashi a bakin ramin ribe ta yi ta tahiya a hankali. Shi ya sa mu ba shekaru muke fara tambaya ba, sau nawa ya tashi ya sauka muke tambaya. Turawan ma da jini sunka koyi wanga darasi, a 1954 jirage biyu na Ingila samfurin Comet sunka fashe a sama kusa da Italiya, sai da anka tsoma gangar jirgi guda cikin tankin ruwa ana matsa ta ana saki har ta tsage kafin a gane abin da ke faruwa.

A ranar 28 ga Afrilu 1988 wani Boeing 737 na kamfanin Aloha a tsibiran Hawai, yana ƙafa 24,000 a sama, rufin gaba ya ɓalle ya tahi, fasinjoji na zaune a kujerunsu sama buɗe, ma'aikaciya ɗaya iska ta ja ta ba a ƙara ganinta ba, sauran Allah ya yi da kwanansu gaba matuƙa sunka sauke shi. Shekararsa 19 amma ya tashi ya sauka sau 89,680 saboda gajerun tahiye-tahiye tsakanin tsibirai, ga iskar teku mai gishiri tana cin mahaɗar fata. Bayan wanga ne Amurka ta yi dokar tsofaffin jirage a 1991, daga baya a 2010 hukumarsu ta jiragen sama FAA ta tilasta ma masu ƙera jirage su sa ma kowane samfuri iyaka, adadin tashi da sauka ko awoyin da in ya kai shi to sai dai a ajiye shi, sai in an kawo sabuwar hujja ta gwaji.

To bizit teknik akwai ta Alhaji, har ta yi yawa. Kowace sauka matuƙi ko makanisiye zai zagaya jirgi ya duba tayoyi da injin da ko wani abu ya buge shi. Akwai bizit A bayan ƴan ɗaruruwan awoyi, yawanci cikin dare ake yinta. Akwai bizit C wajen kowace shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, jirgi ya kwana makonni a angar, wato babban garejin jirage. Sai babbar, giran bizit, bayan shekara shida zuwa goma ko sama da haka gwargwadon samfuri, a kwashe kujeru da kicin da banɗaki da daɓe, wani lokaci har fenti a kankare, jirgi ya koma ƙashi. Nan ne aikinmu. Ka ɗaga allon daɓe ƙarƙashin banɗaki ko inda ake dafa shayi, ka haska, sai ka ga farin gari kamar toka a kan ƙarfen da ke riƙe da daɓen, tsatsar alminiyom ke nan, ruwan da ya shekara yana ɗiga ne ya jawo ta. Ka goge ta sai ƙarfe mai kyau ya fito, ka auna kaurin da ya rage, ka buɗe littafin gyaran jiki na kamfanin da ya ƙera jirgin, shi zai ce maka wannan ya isa, ko a yi faci kaza da ribe kaza, ko a canza gaba ɗaya. In ɓarnar ta wuce abin da ke cikin littafi ba ka da ikon ƙirƙiro naka, hoto da awo za ka aika ma injiniyoyin Boeing ko Airbus ka zauna jira. Tsagar da ido ba ya gani kuma akwai na'ura, wani ɗan abu kamar alƙalami kake bi da shi ribe bayan ribe, idonka a kan allo, ɗigon haske na zaune wuri ɗaya, in ya yi tsalle sai gabanka ya faɗi ka koma baya ka sake bi. Ribe ɗari biyar a layi, ƙarfe uku na dare, wallahi nan ake gane wanda ke tsoron Allah a aikin ga.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya da kyau. A 1978 wani Boeing 747 na Japan Airlines ya buga wutsiya a ƙasa wajen sauka a Osaka, bangon baya mai tare iskar cikin jirgi ya lalace, mutanen Boeing da kansu sunka zo gyara. Takarda ta ce a haɗa da faranti guda mai layin ribe biyu, sai anka yanka farantin biyu, a wani sashe layi ɗaya kaɗai ke ɗauke da nauyi, anka shafe da abin toshe iska, daga waje lafiya lau. Jirgi ya yi ta aiki shekara bakwai, ya tashi ya sauka fiye da sau 12,000. Ranar 12 ga Agusta 1985 bangon ya fashe, ya tafi da mafi yawan wutsiya da duka layukan mai huɗu da ake sarrafa jirgi da su, matuƙa sunka yi ta fama wajen rabin awa kafin ya daki dutse, mutum 520 sunka rasu cikin 524. Kusan irin haka ta sake faruwa da China Airlines, an buga wutsiya a Hong Kong a 1980, maimakon a yanke fatar da ta karce kamar yadda littafi ya ce sai anka ɗora faci a kanta, anka rubuta an yi daidai, tsaga ta yi ta girma ƙarƙashin facin shekara 22, ranar 25 ga Mayu 2002 jirgin ya wargaje a sama da mutum 225. Ka ga duka biyu ba wanda zai leƙa ta taga ya gani.

Kuma kar ka ce sabo shi ne mafita. A 5 ga Janairu 2024 jirgin Alaska Airlines, Boeing 737 MAX 9, bai fi wata uku da fitowa daga masana'anta ba, murfin wata ƙofa ya fice a sama bayan tashi daga Portland, bincike ya nuna bulon huɗu da ke riƙe shi ba a mayar ba bayan an buɗe shi a masana'anta, kuma ba a rubuta buɗewar a takarda ba balle wani ya zo ya duba rufewar. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, FAA ta tsayar da jirage 171 har sai an duba su.

To wa ke tsaye a kan duk wanga? Tun yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta haifi hukumar jiragen sama ta duniya OACI mai mazauni a Montreal, ƙa'ida ita ce ƙasar da ta yi ma jirgi rajista ita ke da alhakin lafiyarsa. Haruffan da ke kusa da wutsiya su ke faɗa maka, 5U namu ne na Nijar, 5N Najeriya, 5V Togo, ET Habasha, CN Maroko, TC Turkiyya, HZ Saudiyya. In 5U ne, ANAC, hukumar jiragen sama ta Nijar, ita ce ke ba shi takardar cancantar tashi, ita ke amincewa da tsarin bizit ɗinsa da angar ɗin da za a kai shi da lasisin wanda zai sa hannu. Mutane da yawa nan Yamai na zaton aikin ASECNA ne, a'a, su nasu jagorar jirage a sama da hasumiya da yanayi, ba su buɗe cikin fiffike. Ƙasar da ta ƙera samfurin kuma, FAA ga Boeing, EASA ta Turai ga Airbus, in an gano wata tsaga a jirgi ɗaya ko a wace ƙasa ce, sai su fitar da umarni na dole, duk mai irin wanga jirgi ya duba wuri kaza kafin tashi kaza, kamar yadda anka yi a 2019 da anka samu tsaga a mahaɗar fiffike da gangar jiki a wasu 737 NG. OACI ita ma tana zuwa ta binciki hukumomin ƙasashe su kansu, Turai kuma tun 2006 tana da jerin kamfanonin da ta hana shiga sararinta.

Jiragen waje da ke sauka filin jirgin Diori Hamani na Yamai zagaye da ƙananan gyare-gyare ake musu a nan, manyan bizit ɗinsu na can inda manyan angar suke, irin su Adis Ababa da Kazablanka da Istambul. Amma ANAC na da ikon hawa kowane jirgin waje da ya sauka ƙasarmu ta duba takardunsa da jikinsa, yarjejeniyar ta ba ta wanga iko.

Ra'ayina kuma, dokar a takarda ba ta da laifi, kusan iri ɗaya ce ko'ina. Inda ake bambanta shi ne ko mai dubawa ya san aikin, ko ana biyansa abin da zai sa ya kalli shugaban kamfani ya ce jirgin ga ba ya tashi yau, ko kuma in ya faɗi haka wani babba zai buga waya. Ni kaina an taɓa tsaya mini a kai a wani kamfani da ba zan ambata ba, fasinja sun cika zaure, ana ce mini ka sa hannu mana a gyara in ya dawo, awon ramin da na samu kuma ya wuce iyaka da ɗan kaɗan ƙwarai. Jirgin ya kwana. Wata biyu ba a amsa mini gaisuwa da daɗi.

Inda na fi so mu sa ido shi ne jiragen haya na lokacin hajji, don nan ne gaggawa da neman araha ke haɗuwa, jirgi rajistar wata ƙasa, ma'aikata na wata ƙasa, fenti na wani kamfani daban. Ku manya kun tuna Yulin 1991, jirgin DC-8 na wani kamfanin Kanada da Nigeria Airways ta yi haya, ya taso daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato nan maƙwabtanmu, mutum 261 babu wanda ya tsira. Ba tsagar ƙarfe ba ce, tayoyi ne da iskarsu ba ta cika ba, an san da haka, anka gyara lambobi a takarda don kar a makara. Don haka ni abin da zan roƙi COHO, hukumar hajji da umra, da ANAC, kafin jigila su faɗa ma alhazai a rediyo da Hausa da Zabarmanci, jirgin da zai kwashe ku rajistar ƙasa kaza ce, ya tashi ya sauka sau kaza, bizit C ɗinsa ta ƙarshe an yi ta wuri kaza wata kaza, kuma masu dubanmu sun buɗe dosiyen facinsa sun gani da idonsu. Ba sirrin soja ba ne, mutumin da ya sayar da shanunsa ya biya kujera yana da haƙƙin ji.

Kai kuma Alhaji in ka sake ganin abin da bai kwanta maka ba, kafin ka ɗauki bidiyo ka kira ma'aikacin jirgi ka nuna mishi tun ƙofa na buɗe, aikinsa ne ya sanar da matuƙi, matuƙi ya kira makanisiye. A jirgin Aloha ɗin can wata fasinja ta faɗa ma masu bincike daga baya cewa ta ga tsaga kusa da ƙofa wajen shiga, ta yi shiru ba ta faɗa ma kowa ba.

A gaida Hajiya da yara. Wassalam.

Ɗanka, daga Yamai.