Kafin ka sayi injin iska, fara auna iskar gidanka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu in yi magana kan injin nan mai fukafukai da ake tallarsa yanzu, wai ka kafa shi a gida iska ta riƙa ba ka wuta kyauta. Tun bayan ƙaramar sallah mutum huɗu ke nan suka zo shagona suna so in haɗa masu turken da za su ɗora shi, kuma duk na ba su labarin da zan ba masu karatu yanzu. Biyu sun fasa. Ɗaya ya ce baƙin ciki nake yi masa.

Ni mai walda ne a Batagarawa. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, na ɗauke janareta na ajiye a sito, na sayi sola guda biyu da batir biyu. Da rana lafiya lau, amma kafin ƙarfe biyun dare batir ya sauka, fanka ta tsaya, yara su hau juye-juye. Sai na ce wa kaina, rana dai tana faɗuwa, ita kuwa iska ba ta da dare. Ga shi duk wanda ya bi hanyar Kano ya ga dogayen injinan nan na Lambar Rimi, guda 37, waɗanda aka tsara su ba da megawat 10. In har gwamnati ta zaɓi ƙasarmu don iska, ni mene ne zai hana ni cin moriyarta a tsakar gidana? Ban tsaya na lura cewa waɗancan a kan turke mai tsawon mita 55 suke ba, kuma a fili fetal, ba gini ba bishiya.

Na sayi nawa a wajen wani mai kayan sola da ba zan ambaci sunansa ba. A jikin kwali an rubuta wat 400. Kuɗin da na biya ya isa in ƙara sola biyu har da canji. Na yanko bututu mai tsawon mita uku, na yi masa ƙafa, na ɗaure shi a kan ginin ɗakin mai ɗakina. Ranar har maƙwabta sun taru kallo.

Daren farko da iska ta taso, kwano ya ɗauki ƙugi kamar an tashi injin niƙa a cikin silin. Mai ɗakina ta kwashi tabarmarta ta koma falo, tana cewa, “Malam, wuta muka nema ko baƙo mai minshari?” Da wannan ne kaɗai, da na haƙura. Matsalar ita ce fukafukan na ta juyi, gwanin sha'awa, amma batir bai san ana yi ba.

Ɗan ƙanwata da ke karatun injiniya ne ya warware mani. Ya juya kwalin ya nuna mani wani ɗan ƙaramin rubutu: wat 400 ɗin sai in iska na gudun mita 12 a daƙiƙa. Ya ce, “Kawu, irin wannan iskar ce ke kwashe shanya ta kai gidan maƙwabta. Sau nawa kake ganinta a wata?” Sannan ya ɗauki alli ya yi mani lissafi a jikin ƙofar shago. Ƙarfin da ake samu daga iska ba ya tafiya kai ɗaya da gudunta. In gudun ya ninka sau biyu, wutar sau takwas za ta ninka. In kuma ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, wato mita 4 a daƙiƙa, wanda shi ne irin kaɗawar da muke cewa “yau akwai iska mai daɗi”, to raba 400 gida 27 za a yi. Abin da ya fito bai wuce wat 15 ba. Ƙwan fitila ɗaya ke nan da cajin waya. Ƙasa da mita 3 kuwa, yawancin ƙananan injinan nan ba sa ba da komai ko da suna juyawa.

Ya ƙara da cewa faɗin da fukafukan ke sharewa shi ne ainihin girman injin, lambar kwali talla ce kawai. Nawa faɗinsa mita ɗaya da 'yan kai ne. Saboda haka duk wanda ya nuna maka inji irin wannan girman ya ce wat 2,000 ne ko 3,000, ka yi masa sallama cikin mutunci.

Kuskurena na biyu wurin da na kafa shi ne. Bayan gidana akwai darbejiya biyu, gabas kuma benen maƙwabcina. Iskar da ta bugi gini da bishiya murɗewa take yi, sai ka ga wutsiyar injin tana waige-waige kamar akuyar da ta ɓace a kasuwa. Ƙa'idar masu aikin ita ce injin ya ɗara duk abin da ke kusa da shi da kamar mita 9. A gidana hakan na nufin turke mai tsawon mita 18 ko fiye, da tushe na siminti, da wayoyin da za su riƙe shi ta kusurwa huɗu, da wayar da za ta kai aradu ƙasa. Ni da nake sayen ƙarfe kullum na san kuɗin wannan turken ya fi na injin nesa ba kusa ba, kuma fulotina ba zai ɗauki wayoyin ba ma.

Sai kuma lokaci. Iskarmu ta fi ƙarfi da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ba mai neman fanka. A Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke hana barci, sau da yawa ko ganye ba ya motsi da dare. Ƙurar hunturun ma ba ta bar shi ba. Wata biyu na ji boris ɗinsa na kuka, na sauke na wanke na sa giris. Da hadarin farkon damina ya taso, ina ji ina gani ya ɗauki gudu kamar zai tashi sama, domin kwantirolar sola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, na haɗa masa. Ashe shi tasa daban ce, mai birki, mai kuma wurin zubar da rarar wuta in batir ya cika. Mai kayan bai gaya mani ba. Fiffike ɗaya ya tsage, Allah Ya kiyaye bai faɗa kan kowa ba.

Ba ina kushe injin iska ba ne gaba ɗaya. Wanda ke da gona ko ruga a kan tudu, fili buɗe, ko mutanen tsaunukan Jos inda iska ba ta hutu, zai iya amfana, musamman in ya haɗa shi da sola. Amma ya fara aunawa. Na'urar auna gudun iska ba ta kai rabin kuɗin injin ba. A ɗaure ta a daidai tsayin da za a kafa shi, a riƙa rubutawa safe da dare, hunturu da bazara da damina. Akwai kuma taswirar iska ta kyauta a intanet, Global Wind Atlas, wadda yaron nan ya nuna mani a wayarsa.

Roƙona gare ka, Edita, ka tura wakilinka hukumar hasashen yanayi ta NiMet ya karɓo mana gudun iskar manyan garuruwan Arewa wata-wata, ku buga da Hausa, yadda kuke buga hasashen damina. Ni dai na riga na sauke nawa. Bututun na yanka na yi wa sola uku ƙafa da shi, injin kuma yana rataye a shago, ina nuna wa duk wanda ya zo neman turke.

Na gode.

Wani mai walda,
Batagarawa, Jihar Katsina.