Wasiƙa zuwa ga aminina mai shirin tuƙi daga Ingila zuwa Dakar

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ya aiki, ya yara? Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. Ka gaishe mini da uwargida, ka ce ina jinjina mata da ta amince kai da ƙaninka ku ɗauki mota ku nufi Dakar da ita.

Saƙonka ya iso, na kuma zauna na karanta jadawalin da ka tsara. Na ga ka ɗauki nisan tafiyar, wanda ya haura kilomita 5,000, ka raba shi gida 12, ka ba kowace rana rabonta. A takarda lissafin ya fita tsaf. Sai dai, mutumina, ka ƙirga hanya ka bar ƙofofi. Tsakaninka da Dakar akwai ruwa uku da za ka tsallaka da kan iyakoki da dama, kuma kowannensu yana da lokacin buɗewarsa da takardar da yake nema. Mota za ta iya cinye kilomita 800 a yini a Faransa, sannan ta yini cur a bakin shinge ɗaya ba ta gusa ba. Don haka ka fara da kafa ranakun jiragen ruwa da na iyakoki, sannan ka cusa tuƙin a tsakaninsu, ka bar kwanakin rara waɗanda ba ka ɗora musu komai ba.

Abu na farko da zan ja da kai a kansa shi ne watan Yuli. Na san don hutu ka zaɓe shi, amma daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba ne miliyoyin 'yan Maroko mazauna Turai suke tafiya gida da motocinsu maƙil da kaya, kuma galibinsu ta tashar jiragen ruwa ta Algeciras da ke kudancin Sifaniya suke bi, inda kai ma za ka bi. Ga zafin Sahara a wannan lokaci, ga damina tana jiranka a bakin kogin Senegal. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne hamada take da sauƙi ga mutum da inji. In akwai halin matsar da tafiyar, ka matsar.

Ruwan farko ba shi da wahala. Daga Dover zuwa Calais jirgi yana yin kamar awa ɗaya da rabi, kuma suna tashi dare da rana. In ka fi son ramin da aka haƙa a ƙarƙashin teku, wanda aka buɗe a 1994, za ka shigar da motar cikin jirgin ƙasa a Folkestone, minti 35 ka fito a Faransa kana zaune a kujerarka. Akwai kuma manyan jirage daga Portsmouth ko Plymouth zuwa Santander a arewacin Sifaniya, ko daga Portsmouth zuwa Bilbao, waɗanda za su ɗauke maka tuƙin Faransa gaba ɗaya. Ana kwana a ciki, wani zubin ma kwana biyu. Tekun Biscay da suke ratsawa yana da hauka a lokacin sanyi, kuma na tuna ƙaninka ko a bayan mota yake kansa juyawa yake yi. Ku yi shawara. Ni dai da za ka bi tawa, in teku ta kwanta ka ɗauki dogon jirgin, domin daga Calais zuwa Algeciras ya fi kilomita 2,000, ga kuɗin hanya da ake biya a manyan titunan Faransa, kuma gara ka isa Afirka da sauran ƙarfinka.

Bari in ɗan tsaya a kan shiga jirgin, tunda ba ka taɓa hawa da mota ba. Lokacin sayen tikiti za su tambayi tsawon motar da tsayinta. Ka auna ta da kaya a kanta, da akwatin da za ka ɗaura a rufi da safayar da ke baya, domin in ka zo ta fi abin da ka rubuta, ko dai ka ƙara kuɗi ko ka jira wani jirgin. A tasha za a ba ka lambar layi ka rataya a madubi. Idan lokaci ya yi, ma'aikata masu riguna masu ƙyalli za su riƙa kiranka da hannu, ka hau gadar ƙarfe tana ƙara a ƙarƙashin taya, su matsa ka har sai bambarka ta kusa taɓa ta gaba, ƙofa ma da ƙyar za ta buɗu ka fita a karkace. Ka ja birkin hannu, ka bar ta a giya, ka kashe ƙararrawar ɓarayi, in ba haka ba girgizar jirgi za ta sa ta yi ta ihu har batir ya mutu. In kuna da tukunyar gas ta girki, a rufe ta, kuma kamfanoni da yawa ba sa yarda da jarkar fetur a cike. Sannan ka kwashi duk abin da za ku buƙata a jaka ɗaya: fasfo, magani, cajar waya, kayan sawa. Da zarar jirgi ya tashi ana kulle benen motoci, babu mai sauka sai an isa. Ka riƙe lambar bene da launin matakalar da kuka hau, don mutane da yawa kan yi ta bulayi suna neman motarsu, na bayansu suna ta danna oda. Kada ka ga kamar tsaurin ya yi yawa. A watan Maris na 1987 wani jirgin motoci ya bar tashar Zeebrugge ta Beljiyam da ƙofar gabansa a buɗe, ruwa ya shiga benen motocin, ya kife cikin mintuna kaɗan, mutum 193 suka rasu. Tun daga nan aka ƙara matsa dokokin.

Kana sauka a Faransa hannun tuƙi ya sauya zuwa dama, alhali sitiyarinka ma yana dama. Rana ta farko kowa yana kula. Haɗarin yana zuwa ne da safe, ko in ka fito daga gidan mai titi babu kowa, hannu ya koma abin da ya saba. Wurin biyan kuɗin hanya zai faɗo gefen ƙaninka, haka ma in za ka wuce babbar mota shi ne idonka, don kai ba ka ganin abin da ke tahowa. Ka manna abin karkatar da hasken fitila don kada ka kashe wa masu tahowa ido, ka sa alamar UK a baya, ka ajiye riga mai ƙyalli da alwatikar gargaɗi a inda hannu zai kai. Wasu biranen Faransa suna neman tambarin Crit'Air, mai nuna matakin hayaƙin mota, a gilashi, kuma ta intanet ake yin odarsa tun kana gida. Gudu a babban titi 130 ne, in ana ruwa 110, a Sifaniya kuwa 120.

Yanzu ga inda nake so ka fi ba da hankali. A idon kwastan, mota matafiyiya ce mai zaman kanta, tana shiga da izini tana fita da shaida. Ka tafi da ainihin takardar mallaka, ba kwafi ba, kuma sunan da ke kanta ya zama daidai da na fasfonka harafi da harafi. Ka duba lambar jikin mota da ke takarda ta yi daidai da wadda aka buga a ƙarfe, domin jami'i zai iya buɗe bonet ya duba. A Maroko za a ba motar izinin zama na wata shida, a ɗaure ta da fasfonka, ta yadda ba za ka fice ka bar ta ba sai ka daidaita da kwastan. Senegal tana da tsauri a kan tsofaffin motoci, shi ya sa masu bin hanyar nan suke yankar takardar da ake kira Carnet de Passages. Littafi ne da ƙungiyoyin masu motoci suke bayarwa na shekara ɗaya, bayan ka ajiye kuɗin jingina gwargwadon darajar motar. Kowane shafi kashi uku ne: a yage ɗaya ranar shiga, a yage na biyu ranar fita, na ukun ya zauna a hannunka da hatimi biyu. Wannan hatimin fita shi ne kuɗinka. In ka bar wata ƙasa ba a buga shi ba, a wurinsu motar tana ciki, ka sayar da ita ba ka biya haraji ba, kuma daga jinginarka za a cira. Komai gajiya, komai tsawon layi, kada ka ja mota sai ka gan shi da idonka.

Inshora ma kashi-kashi ce. Wadda kake da ita za ta kai ka ƙarshen Sifaniya. Ka tambayi kamfaninka ko koren katinsu, wato shaidar inshora ta ƙetare, ya haɗa da Maroko. In bai haɗa ba, ana saya a tashar jirgi kana sauka. Muritaniya a bakin iyaka ake yankar tata, tunda ta fice daga ECOWAS tun shekarar 2000, katin inshorar ƙungiyar kuwa sai ka shiga Senegal zai fara yi maka aiki. Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa iri biyu ne da aka fi amfani da su, na yarjejeniyar 1949 da na 1968, kuma ba kowace ƙasa ce take karɓar kowanne ba, don haka yankar duka biyun ya fi gardama a bakin shinge. Ku yi allurar rigakafin shawara ku riƙe katin, ku kuma ga likita kan maganin zazzaɓin cizon sauro. Batun biza ya danganta da fasfon da kowannenku yake riƙe da shi. Mai fasfon Ingila yana da kwana 90 cikin kowane 180 a ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ciki har da Faransa da Sifaniya. Wanda yake buƙatar biza ya nemi mai shiga fiye da sau ɗaya, in ta nan za ku dawo. Ta Muritaniya yanzu ta intanet ake nema kafin a isa.

Ruwa na biyu gajere ne, mashigin Gibraltar da ke tsakanin Sifaniya da Maroko kimanin kilomita 14 ne a inda ya fi ƙunci. Daga Algeciras zuwa tashar Tanger Med kamar awa ɗaya da rabi ne, kuma tashar tana wajen gari, kimanin kilomita 40 gabas da Tanja, kana fita sai babban titi. Jirgin da ke tashi daga Tarifa, wata tashar ta Sifaniya, ya fi sauri, yana kai ka cikin gari, amma iskar gabas in ta taso tana hana shi tashi. Ka kula da agogo, na Sifaniya da na Maroko ba kullum suke tafiya tare ba. Kuma wannan ƙaramin jirgi marar matuƙi da ka ce za ka ɗauki hotuna da shi, ka bar shi a gida, kwastan ɗin Maroko karɓewa suke yi.

Hanyar gabar Atlantika ita ce kaɗai gabanka, tunda iyakar Maroko da Aljeriya a rufe take tun 1994. Har Agadir titi ne lafiyayye. Daga nan garuruwa sun fara nisa da juna, ka bi ta Laayoune da Dakhla a Yammacin Sahara, iska tana kwaso yashi tana zubawa a kwalta. Kada ka yi tuƙin dare, raƙuma suna hawa titi. Duk inda ka ga gidan mai ka cika tanki ko da rabi ya rage. Shingayen jami'an tsaro suna da yawa, musamman a Muritaniya, kuma kowanne zai so ya rubuta bayananku da hannu. Ka buga takarda ɗaya mai suna, lambar fasfo, sana'a, lambar mota da inda za ku, da Faransanci, ka yi kwafi masu yawa. Suna cewa "fiche" ka miƙa ɗaya ka wuce.

Iyakar Guerguerat, inda ake shiga Muritaniya, da rana kawai take aiki. Ku kwana kusa da ita ku shiga layi da sassafe. Tsakanin shingen Maroko da na Muritaniya akwai 'yan kilomitoci da ba na kowa ba, kuma yankin yana da nakiyoyin da aka binne tun lokacin yaƙi, don haka ka bi sawun motocin da ke gabanka, kada ka kauce. A bakin kogin Senegal zaɓi biyu ne: jirgin fito na Rosso, inda cunkoso da 'yan cuwa-cuwa suka yi suna, ko madatsar ruwa ta Diama, wadda ake hawa ta kanta a tsallaka a fito kusa da Saint-Louis. Diama ta fi kwanciyar hankali, sai dai wani ɓangaren hanyarta ƙasa ce, in ruwa ya sauka taɓo ne zalla. Ka ga wani dalilin guje wa Yuli.

Game da motar kanta, ka kai ta wurin bakanike wata guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, don in an taɓa wani abu ka samu lokacin gwada shi. A duba lagireto da birki da kuloci, a yi juye, ka ɗauki safaya biyu da fanbel da matatar mai. In sabuwar mai shan dizal ce, ka tambaye shi yadda za ta yi da man da ba a tace sosai ba, don irin waɗannan injina suna da tsirfa.

Akwai abin da ban gani ba ko kaɗan a jadawalinka, wato dawowa. Motar da ta shiga da izinin wucin gadi ba a sayar da ita haka kawai. Ko dai ka sake tuƙo ta duk wannan nisa, ko ka sa ta a jirgin dakon motoci daga tashar Dakar zuwa Turai ku biyo jirgin sama, kuma wannan ma sai an kama wuri tun da wuri. Ka yanke wanda za ka yi kafin ka biya kuɗin jingina.

Ka turo mini shekarar motar da irin man da take sha, da irin fasfon da kai da ƙaninka kuke riƙe da su, sai mu sake zama a kan ranakun. Ka gaida shi, ka shafa mini kan yara. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.

Naka har kullum,
Amininka