Wasiƙar Godiya ga 'Yan Kwana-Kwanan Zariya

Zuwa ga shugaba da ɗaukacin ma'aikatan Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kaduna da ke aiki a Zariya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, na rubuto ne a madadin mazauna layinmu a Tudun Wada. Mun zaɓi mu gode muku a bainar jama'a, tunda a bainar jama'a aka saba kushe ku.

A hunturun da ya wuce wuta ta kama gidan maƙwabcinmu da tsakar dare, daga kaskon garwashin da aka bari don ɗumama ɗaki. Lungunmu ko Keke Napep da ƙyar take shiga, balle motarku. A bakin titi kuka tsaya, kuka ja tiyo a kafaɗa har ƙofar gidan. Tambayarku ta farko ita ce ko akwai mutum a ciki. Sannan kuka sa aka yanke wutar lantarki, kuka fara jiƙa rufin gidajen da ke kewaye. Matasa suka hau surutu, wai kun bar wuta kuna wanke kwano. Da gari ya waye kowa ya ga dalili: ɗaki biyu suka ƙone, sauran layin na nan, kuma ba a rasa rai ba. Ko sisi ba ku nema ba.

Masu cewa kullum kuna zuwa ba ruwa, su sani tankin mota ba kogin Galma ba ne. Idan famfo ya buɗe sosai, cikin 'yan mintuna yake ƙarewa, sai a koma ɗebo wani, kuma duk Bazazzage ya san tarihin ruwa a garin nan. Ga cunkoso a Kwangila da PZ, ga direbobin da jiniya ba ta dame su ba, ga mu da ba ma kira sai mun gama gwada bokiti.

Aikin naku ba na jiya ba ne. A 1901 ya fara a Legas a ƙarƙashin 'yan sanda, a 1963 doka ta kafa hukumar kashe gobara ta tarayya, jihohi kuma kowacce tana da tata. Mu a Zariya mun ƙara dace, domin Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Horar da Matuƙa Jirgin Sama suna da nasu 'yan kwana-kwanan, su ma muna gode musu. Mutane da yawa sun ɗauka gobara kaɗai kuka sani, alhali ku ake kira idan yaro ya faɗa rijiya ko mota ta danne mutum.

A daren gobarar layinmu, kafin ku tafi, wani dattijo a cikinku ya tara mu ya ce kada mu watsa wa wutar fetur ruwa, mu daina kwana da jarkar mai a ɗaki, mu riƙa kashe hita idan an ɗauke wuta. Lambar gaggawa ta 112 yanzu tana cikin wayoyin mutanen layinmu.

Muna roƙon gwamnati ta ƙara muku motoci da wuraren ɗiban ruwa, musamman kusa da kasuwar Sabon Gari da cikin birni. Allah Ya saka muku da alheri, Ya tsare ku a bakin aiki.

Naku,
Wani mazaunin Tudun Wada, Zariya