Amsa ga Farfesan da ya tambaye ni ko na fahimci abin da nake koyarwa

Ranka ya daɗe,

Na karanta tambayar da ka jefo mini a jarida, inda ka ce ɗan aji ɗaya ma ya san maganaɗisu yana kashe sufakondakta, wato abin da wutar lantarki ke bi ta cikinsa ba tare da turjiya ba, don haka ka nemi in bayyana wa jama'a dalilin da ya sa nake koya wa ɗalibai cewa wutar da ba ta gamuwa da turjiya tana iya ratsa ƙarfe mai maganaɗisu, har ta yi tasiri a kansa. Ka rufe da cewa wataƙila hadda na yi ba tare da fahimta ba. Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ɗalibaina ma sun karanta ta.

Abin da ɗan aji ɗaya ya sani gaskiya ne, sai dai rabin zance ne. A cikin sufakondakta ilektiron, wato ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar lantarki, suna tafiya biyu-biyu, kowanne yana da ɗan maganaɗisunsa da ake kira juyi, juyin ɗaya yana fuskantar sama, na ɗayan yana fuskantar ƙasa, shi kuwa ƙarfe mai maganaɗisu yana tilasta wa kowane juyi ya fuskanci gefe guda, saboda haka yakan raba su. Amma rabuwar ba a bakin iyakar da ke tsakanin sufakondakta da ƙarfen take aukuwa ba. Sukan kutsa cikin ƙarfen 'yan nanomita kaɗan (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), ƙarfin haɗinsu yana hawa da sauka kamar igiyar ruwa kafin ya mutu. Idan aka matse siririn falle na irin wannan ƙarfe tsakanin sufakondakta biyu, wato irin mahaɗar da masanin fiziks Josephson ya yi hasashenta a 1962, wutar takan wuce, kuma gwargwadon kaurin fallen ko sanyinsa alƙiblarta tana iya juyewa gaba ɗaya. Buzdin da Bulaevskii da Panyukov sun lissafa haka a 1982, sannan Ryazanov da abokan aikinsa a Chernogolovka ta Rasha suka auna shi a 2001 da niyobiyam da gamin jan ƙarfe da nikel. Ashe su ma hadda suka yi?

Akwai abin da ya fi wannan ƙarfi. A 2001 Bergeret da Volkov da Efetov suka nuna cewa inda fuskar maganaɗisu take karkacewa daga wuri zuwa wuri, ilektiron biyu masu juyi iri ɗaya suna iya haɗuwa, waɗanda maganaɗisu ba shi da hanyar raba su. A 2006 aka ga irin wannan wuta a Delft ta ƙasar Holan ta ratsa ɗaruruwan nanomita na kromiyam dayoksaid, a 2010 kuma Robinson da Witt da Blamire a Kambirij ta Ingila suka sarrafa ta da holmiyam da kobalt.

Tasirin kuma ba ta ɓangare ɗaya yake zuwa ba. Tun 1966 de Gennes ya lissafa cewa sufakondakta da ke tsakanin maganaɗisu biyu ya fi son su saɓa wa juna fuska, aka kuma tabbatar da alamar hakan a Kambirij a 2017. Batun cewa wutar kanta za ta iya juya maganaɗisu, wanda Konschelle da Buzdin suka lissafa a 2009, a matsayin lissafi nake koyar da shi, kuma haka yake rubuce a takardar darasin da ke ofishin sashe, inda za ka same ta da ka tambaya.

Zancen da ka sako na cewa wannan ilimi bai amfani mai fama da ɗaukewar wuta ba, ba zan daɗe a kansa ba. Ana nazarinsa ne domin ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta mai aiki cikin tsananin sanyi, kuma ba a taɓa jin an soke darasin taurari don ba mu da kumbo ba.

Abin da na lura da shi shi ne lokacin da tambayar ta fito, daidai sa'ad da kwamiti ke duba ko za a ba wannan darasi gurbin wani tsohon darasi da kowa ya san mai shi. Mun daɗe muna ganin yadda ake auna gaskiyar magana da furfurar mai faɗinta, ana kuma karanta wa ɗalibai takardun da suka tsaya cik tun kafin a haifi iyayensu, duk ƙaramin da ya kawo sabon abu a ce masa mara kunya. Ina roƙonka da girmanka, ka zaɓi gwaji ɗaya daga cikin waɗanda na ambata, ka nuna kuskurensa a shafin da ka buga tambayarka.

Naka,
ƙaninka a sashen fiziks