Wasiƙar Godiya ga Maginan da Suka Raba Gidanmu da Yoyo da Danshi

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan kamfanin gyaran gine-gine da suka yi aiki a gidanmu na unguwar Birni, Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, ina neman afuwa saboda jinkirin wannan takarda. Da gangan na jinkirta ta, domin na yi wa kaina alkawarin cewa ba zan yabi aikin yoyo ba sai damina guda ta sauka a kansa tun daga ruwan shuka har zuwa kaka. Yanzu daminar 2025 ta wuce, ɗakunanmu a bushe suke, shi ya sa na ga ya dace in yi godiyar a bainar jama'a, inda masu irin matsalarmu za su gani.

Gidanmu ginin ƙasa ne na gado, na tubali da azara, kuma ya daɗe yana fama da ruwa. Shekarun baya mun kira wani magini, ya duba bangon, ya ce maganinsa siminti, ya shafe shi ciki da waje tun daga ƙasa har zuwa tsayin ƙirji. Shekara guda muka ji daɗi, daga nan simintin ya fara kumbura, idan aka ƙwanƙwasa shi sai ya yi ƙara kamar ƙwarya, ɗakin mahaifiyarmu kuma ya ɗauki warin da turaren wuta ba ya iya korewa. Da tsohon masallacin nan na Birni, wanda yake tsaye tun ƙarni na 19, ya rushe sakamakon ruwan sama a watan Satumba na 2024, hankalina ya tashi ƙwarai, na daina ɗaukar danshin bangonmu a matsayin ƙaramin abu.

Abin da ya fara burge ni shi ne, ranar farko ba ku zo da buhun siminti ko cebur ba, tambayoyi kuka zo da su. Shugabanku ya nemi izini ya shiga cikin gida, ya durƙusa ya gaida Hajiya, ya tambaye ta ko tabon yakan fito ne ana cikin ruwa ko sai bayan kwana biyu, da kuma ko iskar gabas da ke zuwa da hadari tana ƙara shi. Daga amsoshinta da abin da ya gani ya gaya mini cewa ruwa iri biyu ne ke damunmu, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan aiki. Na sama yana barin tabo mai gangarowa daga rufi jim kaɗan bayan an ɗauke ruwa. Na ƙasa kuwa hawa yake yi cikin bango a hankali, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, yakan tsaya kusan mita guda, ya bar zane kamar bakin tabki da farin gishiri mai cinye yaɓe, kuma ba ya bushewa ko da an yi mako ba a yi ruwa ba.

A kan soro kuka yi gwaji da tiyo, kuna jiƙa wuri ɗaya ku dakata, kuka fara daga inda ya fi gangara kuna hawa, yaronku guda yana ɗaki yana kallon azara. A garin nan da ruwa yake da tsada sai da na ji ciwon jarkokin da muka saya wajen ƴan garuwa, amma gwajin ya biya kuɗinsa. Ashe inda muke kafa roba ba nan ne ruwan ke shiga ba. Yana shiga ne ta tsagar da ke gindin indararo, kusa da zanko, ya bi jikin azara ya yi tafiya kafin ya ɗiga. Shekara da shekaru muna ta ƙara ƙasa a tsakiyar rufin da ba shi da laifi, muna ƙara wa azara nauyi a banza.

Ruwan ƙasa ya fi ba ku aiki. Kun manna leda a jikin bango kuka rufe gefunanta, washegari raɓa ta taru ta ɓangaren bangon, abin da ya nuna daga cikin ginin danshin yake fitowa. Kun auna kuka nuna mini cewa lungunmu ya fi daɓen ɗakin tudu, saboda ƙasa da shara da ɓaraguzan gini da suka yi ta taruwa tsawon zamani, rariyar tsakar gida kuma ta toshe har rabinta. Da kuka haƙa ramin gwaji, ba a yi nisa ba aka tarar da dutse. Kowa ya san Birni a kan duwatsu take zaune, amma ban taɓa tunanin cewa ruwan da ya kasa nutsewa cikin dutse yakan bi samansa a kwance har ya samu gindin bango ba. Simintin da muka kashe kuɗi a kansa kuwa shi ne ya hana bangon shan iska, ya tsare danshin a ciki, ƙasar ta yi laushi a bayansa.

Kun ɓamɓare simintin gaba ɗaya, kuka ce a bar bangon haka ya sha iskar hunturu. A nan ne muka ɗan yi saɓani, domin ina jin kunyar baƙi su ga zaurena kamar kango, na matsa a rufe shi da wuri. Shugabanku ya ƙi cikin ladabi, ya ce ba zai karɓi kuɗina ya rufe jiƙaƙƙen bango ba. Gaskiyarsa ce, kuma ina ba shi haƙuri a kan maganganun da na faɗa ranar. Kafin bangon ya bushe kun haƙa magudana a bayan ɗakin, kuka shimfiɗa bututu mai huje-huje cikin tsakuwa, kuka gangarar da shi nesa da gini ba tare da kun juya ruwan ga maƙwabci ba. Kun buɗe rariya, kuka gyara gangaren tsakar gida, kuka sa indararo masu tsawo don kada ruwa ya riƙa dukan gindin bango, sannan aka yi sabon yaɓe da ƙasar da ta kwana a jiƙe da ciyawa, aka bi shi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake shafawa don kare yaɓe daga ruwan sama.

Kuɗin da kuka rubuta a takarda tun farko shi muka biya, ba a ƙara ko dala ba, ragowar bututu ma kuka mayar mana. Yaranku ba su taɓa shiga cikin gida ba sallama ba, kuma kullum sai sun share wurin kafin su tashi. Bayan ruwan farko mai ƙarfi na watan Agusta, shugabanku ya zo da kansa ba tare da an kira shi ba, ya hau soro, ya leƙa bakin magudana, ya tuna mini in sa a share indararo da rariya kafin kowace damina, a kuma sabunta yaɓe da zarar an ga tsaga.

Hajiya ta koma ɗakinta, ta ce in gaishe ku, musamman yaron da ya yini yana kallon azara. Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a sana'arku.

Wassalam,
Wani magidanci a unguwar Birni, Damagaram.